Ƙwaron Cikin Huhun Goro

New Bell, Duwala, 9 ga Yuni 1991

Yaya Tahir,

Assalamu alaikum. Ya sanyin Beljik, ya aikin gidan adana ƙwari? Baba da Inna suna gaishe ka.

Mu dai ga mu nan. An rufe labo ɗinmu na binciken ƙwari tun Afrilu, wai crise, gwamnati ba kuɗi. Ga yajin aikin villes mortes, gari tsit, ko taksi babu. Shugabanmu ya bar ni na kawo tsohon mikroskop gida, yanzu aikina taya Baba tsintar goro. A cikin ruɓaɓɓen ganyen huhu na ga wasu ƙwari, dangin Staphylinidae, masu gajeren fiffike da ɗaga bindi kamar kunama. Sau uku ina bin littafin tantancewa, sun ƙi shiga ko'ina. Ga huɗu nan cikin alkol don kada su ruɓe, Alhaji Hammadu, wani abokin Baba da zai yi tafiya, zai sa maka a fosta daga Faris. Ka duba mini, ko idona ne ya gaji.

Ƙanwarka, Najiba

Beljik, 20 ga Yuli 1991

Zuwa ga ƙanwata Najiba,

Bayan gaisuwa mai yawa, saƙo ya iso. Idonki lafiya lau. Na gwada su da duk na cikin akwatunanmu, babu irinsu. Sai dai duka huɗun mata ne, kuma kin san ƙa'ida: a wannan dangi sai an feɗe namiji an ga siffar al'aurarsa kafin a ce sabo ne. Ki nemo namiji. Ki tambayi Baba daga wane daji goron ya fito.

Ki gaida su Inna. Yayanki, Tahir

New Bell, 3 ga Disamba 1991

Yaya,

Sallama. Ka ce in nemo namiji, kamar a kanti ake sayar da shi. Wata huɗu ina tankaɗe ruɓaɓɓen ganye a tsakar gida, Inna tana faɗa wai na mai da gidan juji. Alkol ya ƙare, sai da na roƙa a kemis. Baba ya ce goron daga wani ƙauye ne bayan Nkongsamba, na bi babbar mota har can, na dawo da zazzaɓi da namiji guda ɗaya tak. Na feɗe shi da allurar ɗinki. Ga shi nan, ga zane bakwai, ga bayanin kamanninsa. Na gaji, Yaya.

Najiba

Beljik, 18 ga Janairu 1992

Ƙanwata,

Gaisuwa da fatan kin warware. Albishirinki, sabo ne, babu wanda ya taɓa rubuta shi. Patron ɗina, Baturen da nake aiki a ƙarƙashinsa, ya yaba zanen ƙwarai. Amma ya ce shi zai sa masa suna ya buga, tunda ba ki da digirin dokta. Za a ambace ki a ƙasa, a matsayin wadda ta tsinto. Ki yi haƙuri, kwantiragina a hannunsa yake.

Tahir

New Bell, 25 ga Fabrairu 1992

Yaya Tahir,

Na karanta wa Baba wasiƙarka. Sai ya ce, "Shi Baturen ya je Nkongsamba?"

Ba ni da ƙarfin rigima. Ranar Litinin zan fara aiki a wani sito a unguwar Bassa, labo kam ba za a sake buɗe shi ba. Binciken ƙwaron nan ne aikin ƙarshe da na yi da hannuna. In ba za a sa sunana ba, a dawo mini da ƙwarona. Ban ce ka rasa aikinka ba.

Ka huta lafiya. Najiba

Beljik, 30 ga Maris 1992

Najiba,

Na gaya wa patron. Ya yi ihu, na tsaya har ya gama. Na cire ƙwaron da zanenki daga akwatinsa a gaban idonsa. Akwai wata mujalla a Jamus, za mu aika da sunanki ke kaɗai, ban san ko za su karɓa ba. Ba zan ba fosta amanar ƙwaron ba, da kaina zan kawo. Ki ce wa Inna a gyara mini ɗaki, ranar sha huɗu ga Afrilu. Tikitin na zuwa ne kawai, babu na komawa.

Yayanki, Tahir