Kawu, Sunanka Na Rubuta Musu

Zuwa ga Kawu Sule, safiyo mai awon hanya, Allah ya haskaka makwancinka.

Bayan gaisuwa da girmamawa irin ta ɗa ga ƙanen mahaifiyarsa, ina rubuto maka ne raina a ɓace. Ba zan ɓoye wasiƙar nan ba, mai son karantawa ya karanta.

Jiya masinja ya kawo mini takarda daga ofishin Baturen makaranta, da yake ni ne hedimasta a nan yanzu. Wai mulkin kai ya matso, Arewa ba ta da injiniyoyi, don haka kowane hedimasta ya nemo ma'aikaci mai ilimin awo ko na inji da zai riƙa zuwa kyauta yana kwaɗaita wa yara aikin. Har da gurbin rubuta sunansa a ƙasa. Kawu, wallahi mutanen nan ba su da ta ido.

Ba abin da ka yi ke nan ba? Sai ka tashi aiki da la'asar, jar ƙasa har gira, ka ɗauro madubin awo mai ƙafa uku a bayan keke, ka kafa shi a filin elementaren nan ta Birnin Gwari. Ba wanda ya aike ka.

Ranar da na fara leƙa madubin, ina ɗan makaranta, na ga shanun Fulani a bakin daji suna tafiya ƙafafu a sama. Na kurma ihu, na ce aljanu. Ka yi dariya har hularka ta faɗi, ka ce, "Ba aljani ba ne, gilashi ne, zo in nuna maka cikinsa." Kafin damina ta sauka mun iya auna gangaren rafi da igiya da kwalbar ruwa.

Sai Baturen makaranta na lokacin ya zo rangadi, yana tambayar abin da kowa zai zama. Wannan ya ce akawu, wancan ya ce malamin haraji. Ni kuwa, sarkin rawar kai, na miƙe na ce gada zan gina. Ya ce wa ya sa mini wannan a kai? Na faɗi sunanka da ƙarfi, ina jira a yaba maka.

Mako bai zagayo ba aka karɓe madubin. Wai ka fita da kayan gwamnati ba izini, kana hure wa yara kunne. Suka sallame ka, ka koma noman dawa a Saminaka har ƙarshen kwananka. Ba ka taɓa ɗora mini laifi ba. Da ka mare ni, Kawu, da ya fi mini sauƙi.

A ajinmu ba wanda ya zama injiniya. Rafin nan har yau ba gada, in ya kawo ruwa sai mutane su yini a gaɓa da kayansu. Yanzu kuma su ne ke tambaya ina masu ilimin suke!

Na cike musu takardar. A gurbin suna na rubuta naka, a gurbin wurin aiki na rubuta maƙabartar Saminaka. Na ƙara da cewa ya taɓa zuwa kyauta, kuka kore shi. Masinja ya tafi da ita tun da hantsi. In sallamata za su yi, su yi. Igiyarka tana hannuna, gobe zan kai yara rafi.

Ka yafe mini bakina na ranar nan. Allah ya jiƙanka, ya sa kowane yaro da ya leƙa madubin nan ya zame maka shaida.

Ɗanka da ya faɗi sunanka sau biyu,
Garba