Awon Ƙafar Baba

Hor Al Anz, Dubai
4 ga Yuni

Yaya Mahfuza,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ki gaishe mini da Baba, ko da ba zai amsa ba. Shekara biyu ke nan bai karɓi wayata ba, shi ya sa na koma takarda. Na san halinki, za ki zauna a tsakar gida ki karanta da ƙarfi kamar kanki kike karanta wa, shi kuma yana kan buzunsa yana yi kamar bai ji ba.

Kin ce har yau ba ki gane aikina ba. To, ga shi. A cikin wani ƙaton mol, wato kasuwar zamani mai rufi, an gina tudu, an rufe shi kamar firij, an zuba masa dusar ƙanƙara. A waje rana tana gasa mutum, a ciki sai da rigar sanyi. Mutane suna hawa saman tudun su sulalo ƙasa a kan dogayen alluna biyu. Ni ba na sulu, ni nake auna musu takalmin da ake maƙalawa a jikin allunan.

Takalmin ɓawon roba ne mai tauri, ya kai rabin ƙwauri, da maɗaurai huɗu na ƙarfe. A cikinsa akwai shafi mai laushi da ake zarewa. Abu na farko da ogana ya koya mini, wani Bature ɗan Austiriya mara yawan magana, shi ne ba a barin sarari. Kin san mu, in za a saya wa mutum takalmi sai an ƙara lamba ɗaya don ƙafa ta sha iska. A nan kuwa in ƙafa tana yawo a ciki, allon ba zai bi umarninta ba, sai ka juya dama shi ya tafi hagu.

Ga abin da nake roƙo. Kin ce hannun Baba ya fara rawa, ba ya iya riƙe basilla, kuma takalminsa na ƙarshe da ya ɗinka ya huje, ga kumburin babban yatsa yana hana shi zuwa masallacin Juma'a. A shagonmu muna yin shimfiɗar cikin takalmi daidai da tafin ƙafar mutum, muna kuma buɗa takalmi a inda yake matsi. Zan iya yi masa. Ki samo mini awon ƙafarsa kawai, ki ba Alhaji Sanda in zai dawo sarin kaya.

Ƙaninki,
Nasrullahi

*

Kano
19 ga Yuni

Nasuru,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, yara suna gaishe ka. Na karanta takardarka a inda ka ce, har sau biyu. Baba bai ɗago kai ba, amma rediyonsa ya rage.

Da na zo wajen awo sai ya ce da bango, ba da ni ba, wai shi Ɗalhatu tun da ya mallaki hankalinsa bai taɓa sa takalmin da wani ya yi ba, kuma ba zai fara da na mai ba da hayar roba ba. Ya ce ya haifi baduku, ya ba shi wuƙa da basilla, ya ajiye su ya tafi ƙasar Larabawa yana durƙusa wa ƙafafun 'yan yawon buɗe ido. Na ce Baba, ai kai ma shekara arba'in kana durƙusa wa ƙafafun mutane. Kallon da ya yi mini, wallahi sai da na tashi na shiga kicin.

Amma ka san yayarka ba ta rasa dabara. Yana barcin rana na ɗauki tsinken tsintsiya na gwada tafin ƙafarsa na karye daidai, yadda Inna take yi mana in za a je kasuwa sayen takalmin sallah. Ga shi nan na naɗe a cikin takardar, kada ka yar ka ce shara ce.

Alhaji Sanda ya ce wannan karon sai ya zo ya ga wurin naku da idonsa, har ma ya gwada sulun. Mutum da jikoki! Ka riƙe shi da mutunci, ka san abokin Baba ne tun suna samari, kuma duk abin da ya gani a rumfar Baba zai sauke shi.

Yayarka,
Mahfuza

*

Hor Al Anz
2 ga Yuli

Yaya Mahfuza,

Salamu alaikum. Tsinke ya iso lafiya, na gode. Na yi dariya har Mubashir da muke ɗaki ɗaya ya tambaye ni lafiya. Amma Yaya, tsinke ba zai yi ba. Tsawo kawai yake faɗa, ba ya faɗin faɗi, ba ya nuna inda yatsan ya kumbura. Kuma ƙafar mai barci daban take da ta wanda ke tsaye, in nauyin mutum ya hau kanta sai ta baje. Abin da nake so shi ne Baba ya tsaya a kan farar takarda ba takalmi, bayan la'asar lokacin da ƙafa ta gama kumburinta na yini, ki zagaye kowace ƙafa da biro. Wannan kuwa ba a yin sa a sace, sai ya yarda.

Alhaji ya zo ranar Talata. Ya sha kallo, ya yi hotuna, ya hau ƙaramin tudu na masu koyo. Ya ɗan ji ciwo a yatsa, amma ba wani abu ba ne. Na raka shi har masaukinsa a Al Buteen.

Ki gaida kowa.

Nasrullahi

*

Kano
21 ga Yuli

Nasuru,

Bayan gaisuwa. "Ba wani abu ba ne" ka ce? Kai, Nasuru, ka ji tsoron Allah! Mutumin nan ya sauka daga jirgi da silifa a ƙafa ɗaya. Farcen babban yatsansa ya yi baƙi, shekaranjiya ya fita gaba ɗaya. Ƙwaurinsa duk ya saɓule. Ya zauna a rumfar Baba a gaban dukawa biyar ya miƙe ƙafa yana nunawa, yana dariya yana cewa ga aikin ɗan Ɗalhatu, ɗan sarkin awo. Shi wasa yake yi, amma Baba bai yi dariya ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, don na ga yadda fuskarsa ta koma.

Baba ya riƙe ƙafar Alhaji ya juya ta, ya duba farcen, ya duba dunduniya. Ya ce wannan ba matsi ba ne, yawa ne, ƙafar ta riƙa zamewa gaba tana dukan bakin takalmin. Bai taɓa ganin ƙanƙararku ba, amma ya gane.

Da muka dawo gida ya kira ni. Ya ce in ɗauko biro. Shekara biyu bai ba ni saƙo zuwa gare ka ba sai yau, kuma tambaya ɗaya ce, ga ta yadda ya faɗa: "Ya san takalmin ya yi wa Sanda yawa ya ba shi, ko bai sani ba?"

Na ce Baba, wace amsa ce za ta fi maka daɗi? Ya ce ba daɗi yake nema ba. Don haka kada ka yi mini kwana-kwana irin na takardarka ta baya. Zan karanta masa abin da ka rubuto, ba ƙari ba ragi.

Mahfuza

*

Hor Al Anz
16 ga Agusta

Yaya Mahfuza,

Assalamu alaikum. Ki karanta wa Baba wannan.

Na sani.

Na auna Alhaji, na ga lambarsa. Da ya sa ƙafa ya ji yatsunsa sun taɓo gaba, sai ya ce in cire masa wannan mari, shi arba'in da biyar yake sawa tun kafin a haife ni. Ga huffi a ƙafarsa, ya ɗora safa biyu a kai saboda sanyi, ya kuma cusa ƙafar wandonsa a ciki. Duk ukun na san ba a yi. Da Balarabe ne ko Bature, da na ce masa a'a ko a jikina, kullum ina faɗa. Amma Alhaji ne, wanda ya yanka mini ragon suna. Ya ce, "Kai yaro, ni za ka koya wa ƙafata?" Kunya ta kama ni, na sunkuyar da kai na ɗauko masa wanda ya fi nasa da lamba biyu. Ina ɗaurawa ina sane. Na ji kunyar abin har na ɓoye miki.

Ban amsa da wuri ba don ina jiran Alhaji ya dawo. Da na ji ya sauka na je Al Buteen, na same shi a shagon kago, inda ake aika kaya gida, yana ta gaggauta masu ɗaure kaya da "yalla, yalla". Na durƙusa na gaishe shi, na ce laifina ne, kuma ina roƙon ya sake zuwa. Ya ce halas, ya yafe, amma shi da ƙanƙara har abada. Na ce Alhaji, ba don kai ba, don sunan Baba da aka yi wa dariya a rumfarsa. Sai ya ce to, Alhamis.

Ranar Alhamis na ce ya cire huffin da safar duka, na ba shi safa ɗaya siririya. Ya ce sanyi zai kashe shi. Na ce safa mai yawa ita ke matse jijiya, jini ya kasa gudu, ƙafa ta yi sanyi. Na zare shafin na sa ƙafarsa a cikin ɓawon kawai, yatsu a gaba, na zura hannuna a bayan dunduniya: yatsa biyu suka shiga, ba fiye ba. Haka ake so. Na mayar da shafin, ya sa, ya fara, "Ya matse, ƙaro lamba." Yaya, sai na ce, "A'a, Alhaji." Ya ce me na ce? Na ce a'a, ya buga dunduniya ƙasa, ya tsaya ya lanƙwasa gwiwa gaba. Da ya lanƙwasa sai dunduniyar ta koma mazauninta, yatsun suka ja baya da kansu. Ya ce, "Af."

Saura wurin ciwon. Na shafa jan alli a gefen yatsan, ya sa ƙafa, allin ya nuna mini daidai inda robar ke taɓawa. Na gasa wurin da na'urar zafi har ya yi laushi, na tura shi waje kaɗan, na bari ya huce. Ban ƙara girman takalmin ba, wurin nan kaɗai na buɗa. Ina yi ina tuna Baba yana jiƙa fata yana buɗa ta da ƙotar guduma don masu kumburi. Aikin ɗaya ne, sai dai nasa fata, nawa roba. Na fara ɗaure maɗaurai biyu na sama don su riƙe dunduniya, na ƙasa kuwa na sassauta su yadda yatsa ɗaya zai rufe su. Wando a waje.

Minti arba'in muka yi, yana ta mita. Alhaji ya sauko ƙaramin tudun sau shida. Ya faɗi sau biyu, amma wannan tsakaninsa da shekarunsa ne. Da muka cire takalmin na duba ƙafar, ko ja babu. Na ce ya nuna wa Baba ita in ya iso.

Ban rubuto wannan don a yaba mini ba. An yi tambaya, na amsa. Ina neman gafarar Baba.

Ɗansa,
Nasrullahi

*

Kano
30 ga Agusta

Nasrullahi,

Assalamu alaikum. Ni ne mahaifinka. Ni nake faɗa, Mahfuza tana rubutawa.

Sanda ya zo, na duba ƙafar. Ya ce ka ce masa a'a har sau biyu. Ni ma na yi shekara talatin ina ce masa arba'in da uku ne, bai ji ba.

Ga takardu biyu na awon ƙafata. Bayan la'asar na tsaya, ba takalmi, kamar yadda ka ce. Ta hagu ta fi faɗi, na sa alama a wurin yatsan da hannuna, kada ka ga layin ya karkace ka ɗauka kuskure ne. In ka ji na ce ya matse, kada ka ƙara lamba.

Ina so in je Juma'a da ƙafata. Allah ya yi maka albarka.

Ɗalhatu