Shagon Surukina

Suleja, daren Laraba

Wallahi da ba surukina ba ne, da yau na watsar da aikin nan. Ƙasar Maje, inda muke ginin, ruwa gare ta, shi ya sa muka kafa turakun kankare, na zana dunƙulen fandishon da zai hau kansu, na bar masa wadataccen gefe. Ina isowa na tarar ya sa kafinta ya matso da katakon da ke tare kankaren zuwa ciki, wai fandisho yana cinye masa wurin shago. Yanzu turken kusurwa a bakin gefe yake, rodi har yana taɓa katako. Ranar da nauyin benen da za a ɗora kan shagon ya sauka, nan zai tsage.

Na durƙusa na ce, "Baba, a duba gefen nan."

Ya ce, "Kai yaro, ina gini tun ba a haife ka ba."

Leburori suka yi dariya. Na sunkuyar da kai, don ba a musu da suruki a gaban jama'a.

Shago! A benen nan fa 'yarsa da jikokinsa za su zauna.

Gobe za su zuba kankare. Amma na ɗauke hannun tada injin kwaɓawa, yana ƙarƙashin gadona. Gara Baba ya kira ni marar kunya. Ya fi a zo yi mana ta'aziyya mu biyu.