Mai Tura Dutse da Gonar Saga

Ƙanena Hamidu,

Gaisuwa mai yawa. Ina gajiya, ina iyali, yaya zaman Abijan? Mu lafiya lau.

Kogi ya sake cinye mini shinkafa a gonar nan ta Saga. 'Yata Zainabu, malamar makarantar lakwal, ta zo da tatsuniyar Girkawa: wani ke tura dutse kan tudu, in ya kusa kaiwa sai dutsen ya gangaro. Wai ni ke nan, in sayar da gonar, yadda kai ma ka dame ni.

Na ce, "Shi ya sayar da tudun?"

Yanzu da yamma sai in ga kamar ina hango mai tura dutsen nan tsallaken ruwa yana turawa, kafaɗunsa irin na Baba.

Addu'a za ka aiko, ba mai saye ba. Gai da Hajiya da yara.

Yayanka,
Sani