Ka Dawo Ka Taɓa Bayan Tumakin Kawunka

Zuwa ga ɗana, Babban Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da iyalinka. Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya tsare ka a hanyoyin da kake bi. Mu nan sai godiya. Ƙafar babanka ta yi sauƙi, har yana takawa bakin titi ba sanda. Auta ta gama jarrabawa, yanzu ba ta da aiki sai barci da buɗe tukunya.

Abin da ya sa na ɗauki biro maimakon waya shi ne, a waya ka iya cewa ba ka ji sosai. Ranar Litinin kawunka ya shigo yana fara'a da takarda a hannu. Ya ce a gonaki goma sha biyu da kuka auna yadda ake kula da shanu da tumaki, tasa ce ta ɗaya, kuma ɗana ne ya sa hannu. Har ya yi wa matar marigayi direba dariya, wai gonarta ta zo ta tara saboda ruɓaɓɓen shinge. Na yi murna, don ban sani ba.

Ranar Alhamis na je duba matarsa da ba ta jin daɗi, sai na zaga garke. Kai da bakinka, a ɗakin nan, ka koya mini cewa ba a auna tunkiya da ido, domin gashi yana rufe rama. Sai an ɗora hannu a gadon bayanta. To, na ɗora. Ƙasusuwa na ji a jere kamar haƙoran mataji. Na taɓa bakwai, biyu ne kawai ke da nama. Kwamin ruwansu ya yi gansakuka. Ka ce ana tunkarar saniya a hankali a ga inda za ta bari a matso. Shanun kawunka kuwa tun ina nesa suka watse, kamar sun ga sanda. Tsohon makiyayinsa ya faɗa mini, yana kallon ƙasa, cewa ranar da ka zo an kora guragun dabbobin bayan rumbun ciyawa, kai kuma aka shigar da kai falo, ka leƙa ta taga, ka cike takardarka da kofi a hannu. Wai har ka ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Idan ido ya isa, me ya sa muka kai ka makaranta?

Da na tari kawunka, cewa ya yi tun muna yara ni mai tsegumi ce, kuma dabba ba ta kai ƙara. Na ce masa ai saboda haka ne aka ɗauke ka aiki, don ka zama bakinta. Ƙanena ne, ciki ɗaya, amma zumunci ba ya cika cikin tunkiya. Matar direban nan da kuka jefa gonarta ta tara a jeri, da hannunta take wanke kwami kullum, shanunta har lasar tafin hannunta suke yi. Yanzu mahauta za su bi jerinku su juya mata baya, ga marayu huɗu. Wannan alhaki ba zan zuba ido ka ɗauka ba.

Na ji sai ƙarshen wata za ku miƙa rahoton. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ka je wurin shugabanka ka faɗa masa gaskiya, ka dawo ka sake awon gonakin biyu, ba tare da ka sanar da kowa ranar zuwanka ba. In wata ya ƙare ban gan ka cikin garken nan ba, ni zan rubuta masa. Na yi sakandare, kuma Auta ta samo mini adireshin. Gara ka ji kunya a gabansa sau ɗaya.

Ka gaida matarka da 'yan biyu, da goggonka in ka leƙa ta. Babanka yana gaishe ka. Ya karanta takardar nan, bai ce in rage komai ba.

Mahaifiyarka.