Rasuwar Ustad Murad Bakhsh Bilali da Gaskiyar Maganar Sunaye Bakwai

Cikin alhini, da sallamawa ga hukuncin Ubangijin da ya ba mu aro kuma ya karɓi abinsa, Ƙungiyar Teburin Labari ta Lyari da ke Karachi a ƙasar Pakistan tana sanar da mambobinta, da dattawan al'ummarmu ta Shidi, jikokin 'yan Afirka da aka kawo ƙasar nan, maza da mata, da duk wanda ya taɓa jan kujera ya zauna tare da mu, cewa ta samu labarin rasuwar wanda ya kafa ta, shugabanta na farko, malaminmu kuma ubanmu, Ustad Murad Bakhsh Bilali, wanda Allah ya yi wa cikawa ranar Talata da hantsi a gidansa, yana da shekara saba'in da ɗaya, bayan ciwon zuciya na wata biyar. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. An yi jana'izarsa a ranar bayan sallar la'asar.

Marigayi Ustad ya yi shekara talatin da huɗu yana koyar da labarin ƙasa a makarantar gwamnati, kuma rabin mazan da ke tuƙa motar haya a unguwar nan sun sha rankwashinsa a kan taswira. Bayan ya ajiye aiki ne ya tarar da matasanmu sun kamu da wasan nan na shiga labari, wanda ake kewaye tebur, mutum ɗaya yana jan zare, kowa ya ɗauki mutum guda a cikin labarin ya zama shi, ana jefa ƙwaya irin ta ludo don ta yanke ko abin da ka yi niyya ya yiwu. Ustad bai hana su ba, ya zauna ya kalla. Abin da ya ɓata masa rai shi ne littattafan da ake wasan da su, domin duk inda baƙin mutum ya fito a ciki, to ko dai tsirara yake da ƙashi a hanci, ko kuma yana ɗauke da kayan wani. Mu da ake kira da sunayen banza a kasuwa saboda fatarmu da gashinmu, sai ga mu mun dawo gida muna sarar masu kama da mu a cikin wasa muna tafi. Ranar ya naɗe littafin ya ce, "Kai, ku tashi, wannan ai zagin kai ne. Ku samo min farin zanin gado da alli, mu yi namu."

A kan wannan zanin gado ya zana duniyar da muka sa wa suna Bayan Teku, ya kuma yi shekara goma sha ɗaya yana gina ta. Ya karanci biranen dutse na gaɓar Kilwa da jiragensu masu bin iskar damina, ya karanci ganuwar Zimbabwe, da malaman Timbuktu, da majami'un da Habashawa suka sassaƙa a cikin dutse, sannan ya ƙaga masarautunsa da aljanunsa daga abin da ya fahimta. Ba ya yarda a cakuɗa su. In ka saka wa matuƙin jirgin gaɓa rawanin mutanen sahara, sai ya zare tabarau ya dube ka ya ce, "Malam, Afirka ba ƙauyenku ba ce da za ka zagaye ta kafin shayi ya huce." Duk Lahadi bayan azahar ana zama, kuma babu wanda ya taɓa tashi daga teburinsa da yunwa, ko da gurasa da wake ne.

Akwai abu ɗaya a cikin Bayan Teku da bai fito daga littafi ba. Tsofaffin matan layinmu suna riƙe da sunaye bakwai na iyayenmu mata da aka ƙetaro da su teku, sunayen da ake ambata a hankali kafin a taɓa mugarman, babbar gangarmu mai tsayawa da ƙafafunta. Ustad ya so matasa su san su. Ya bi gida gida da faranti na alewa yana neman izini, har ya kai ga Masi Gohar Khatoon (Masi ita ce inna a wurinmu), wadda gangar take ɗakinta, kuma maganarta ce ta ƙarshe. Ta ba shi bisa sharaɗi biyu: ba za a rubuta sunayen ba, kuma ba za a kashe mai sunan a cikin wasa ba. Ya riƙe wannan kamar yadda yake riƙe sallarsa. Duk sanda ɗaya daga cikin iyayen nan ta shigo labari, sai ya kife kofin shayi a kan ƙwayar, kowa ya janye hannunsa, a saurare ta har ta wuce. Mu ma ba za mu rubuta sunayen a wannan takarda ba.

A nan ne ya zama dole wannan ƙungiya ta faɗi abin da ba a saba faɗa a saƙon ta'aziyya ba, kuma muna neman afuwar masu karatu. Wata bakwai da suka wuce wani kamfanin wasanni na ƙasar waje, wanda ba za mu yi masa tallan suna ba, ya fitar da littafi mai bango mai sheƙi. Bayan Teku ce a ciki, gari da gari, kogi da kogi. Sunaye bakwai ɗin nan suna ciki, a rubuce, an mai da su mayu masu zama a fadama, an zana su da haƙora a waje, kowace an sa mata lambar yawan saran da za a yi mata kafin ta mutu, da ladan da wanda ya kashe ta zai samu. A shafin farko kuma an buga godiya ga Ustad Murad Bakhsh Bilali da manyan baƙaƙe, wai shi ne ya ba da komai da hannunsa. Wallahi ranar da muka ga shafin nan babu wanda ya iya kallon ɗan'uwansa.

Unguwa ta ɗauka. Matan da suka karɓi alewarsa suka daina amsa sallamarsa. Ya je ƙofar Masi Gohar sau bakwai da saninmu, yana tsaye a rana da sandarsa, ba a buɗe ba. A zuwa na ƙarshe ta yi magana ta bayan ƙofa, maƙwabta suna ji: "Murad, ka sayar da uwata. Je ka. Ranar da ka mutu gangar nan ba za ta yi maka kuka ba." Duk dattijon layinmu ana kaɗa masa mugarman ranar sadakar arba'in, kuma wanda aka hana wa, 'ya'yansa da jikokinsa ne ke ɗaukar abin kunyar har abada. Da wannan magana a kansa ya kwanta ciwo, da ita ya rasu.

Ustad bai sayar da komai ba, kuma mun sani tun makon farko. Wanda ya yi shi ne Mataimakin Shugaban wannan ƙungiya, Tabish Makrani, wanda ya yi shekara biyu yana ajiye wayarsa a ƙarƙashin tiren shayi tana naɗar muryar malaminsa, ya kwashe ya miƙa wa kamfanin, ya kuma sa aka buga sunan Ustad don a ga kamar da izini aka yi. Tabish jikan Masi Gohar ne, ɗan 'yarta da ta rasu, wanda Masi ta goya a bayanta. Da muka taru muka ce za mu je mu gaya mata, Ustad ya bugi tebur ya ce, "Ba wanda zai je. Ni bare ne a wurinta, ta zage ni ta huce. In ta ji jininta ne, wa ya rage mata? Ku ba yaron lokaci, zai je da ƙafarsa." Muka yi shiru saboda shi ya ce, muna kallo yana ramewa.

Tabish bai je ba. Ya zo jana'iza da farar riga sabuwa, ya kutsa ya kama makara ta gaba, ya zauna ya ci shinkafar sadakar uku har da ƙari. Washegari muka ga ya sa hoton Ustad a shafinsa, da sanarwar cewa kamfanin zai sake buga littafin domin tunawa da marigayi. Haba! Mutum ya ci amanarka kana raye, ya bar ka ka mutu da laifinsa, sannan ya dawo zai yi kasuwa da gawarka. Mun ji ciwon wannan fiye da yadda za mu iya rubutawa. Majalisar ƙungiya ta zauna, ta cire Tabish Makrani daga muƙaminsa da kuma ƙungiyar baki ɗaya, ta kuma yanke cewa alkawarin shirun da muka yi wa Ustad ya ƙare. In mun saɓa masa, Allah ya yafe mana, mu za mu amsa.

Ƙungiya tana miƙa ta'aziyyarta ga uwargidan marigayi, Bhabhi Zulekha, wadda ta yi wata bakwai ana ɗauke kai in ta shiga layin famfo, ta san gaskiya kuma ba ta furta ba. Da 'yarsa Malama Mahganj Bilali. Da ƙaninsa Chacha Dur Muhammad. Da jikoki da sauran dangi. Bhabhi, mun bar ki ke kaɗai da wannan kaya, ki yafe mana. Muna roƙon Allah ya jiƙan Ustad, ya haskaka kabarinsa, ya sa ciwon da ya sha ya zama kaffara, ya ba iyalansa juriyar wannan babban rashi, ya sa namu ƙarshen ya yi kyau.

Masi Gohar ba ta karatu, kuma ba mu yarda ta tsinci wannan magana a bakin 'yan kasuwa ba. Saboda haka kafin a liƙa takardar nan, ni mai sa hannu na je jiya da safe na roƙa aka buɗe min, na zauna a ƙasa na karanta mata duk abin da ke sama, ban tsallake sunan kowa ba. Ta saurara har ƙarshe tana riƙe da carbinta. Ba ta tambayi jikanta ba. Ta ce, "Ɗana, sau nawa ka ce ya zo ƙofata?" Na ce sau bakwai, Masi. Ta ce, "Goma sha ɗaya ne. Ina jin sandarsa." Sannan ta nuna ɗakin gangar da hannu ta ce, "Ku zo ku ɗauki gangar, ku kaɗa masa har fatar ta tsage. Amma ni wa zai kai ni wurinsa in ce ya yafe min?" 

Za a yi sadakar arba'in a ƙofar gidan marigayi, kuma za a kaɗa mugarman. Masi ta ce a zo da kujera a ɗauke ta, za ta ambaci sunayen da bakinta.

Sa hannu:
Allah Dino Shidi
Kakakin Ƙungiyar Teburin Labari ta Lyari, Karachi
A madadin Majalisar Ƙungiya