Ramin da Ba a Fitowa

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwar ɗa ga mahaifi, ina fatan kana cikin rahamar Ubangiji. Inna tana unguwar Birni a Zinder lafiya, sai ciwon gwiwa da faɗan da ka sani.

Baba, da kana raye da ka yi dariya har da riƙe ciki. Ɗan maharbin nan da kake cewa ko kaza ba ya iya kamawa, shi aka ɗauka gadin namun daji. Ana fasa hanya a gefen gandun dajin Termit, ni kuma aikina na watannin haihuwar dabbobi ne. Gaban katafila nake tafiya. In na ga ramin yanyawa ko na kunkuru, sai in share bakinsa da la'asar, in dawo da safe in duba. In rairayin yana nan sumul, ba kowa a ciki, a wuce. In da sawu, in kafa jar tuta, katafila ta kauce. Karatun sawun da ka koya mini da ranƙwashi a dajin Damagaram Takaya, shi nake ci yau.

Akwai wani rami a gindin busasshiyar ƙaya, daidai tsakiyar inda hanyar za ta bi. Saboda shi nake rubuto maka.

Safiyar farko sawun yanyawa na tarar, ta shiga. Washegari ga na bushiya. Daga nan kunkuru, zomo, har jan cikin maciji, wani bisa wani. Masu cin juna, Baba, amma ƙofa ɗaya suke bi. Kowa shiga yake, ban taɓa ganin sawun fita ba. Na zaga tudun neman wata kafa, babu. Muka ɗaure kamara a jikin icen. Hotunan duk rairayi ne, wannan sumul, na bayansa cike da sawu.

Rannan da tsakar rana na durƙusa na kai fuskata bakin ramin. Iska mai sanyi ke fitowa, da ƙamshin ƙasar da ta sha ruwan farko, a wurin da aka manta rabonsa da ruwa. Sai na tuna kana cewa, “Ramin da ba ka ga mai shi ba, yi masa sallama.” Na yi. Iskar ta ɗauke ɗif, kamar an riƙe numfashi ana saurarena.

Shef, wato shugaban aikin hanyar, mutumin kirki ne, amma kauce wa wurin nan sai an fasa dutse. Ya ce ko in kawo hoton dabba ko in cire tutata, in na ƙi kuwa masu son aikin sun cika Zinder. Ban ga laifinsa ba. Jiya na yanke zan cire, don ka san Inna hannuna take kallo. Ko sharar ban je ba.

Yau da safe na tarar an share. Ba iska ba ce, Baba, na san aikin iska. Zanen tsintsiya ne, layi-layi, ya faro daga can cikin ramin ya ƙare daidai inda nakan tsaya. Har tsohon sawuna an kwashe.

Kango ba ya share ƙofarsa. Na ƙara danne tutar da dutse, na je na gaya wa shef cewa gidan nan da masu shi. Sai ya ce motar Zinder jibi za ta tashi, in haɗa kayana.

Ina jin tsoro, Baba, kuma ban taɓa kewarka kamar yau ba. Da kana nan, kai kaɗai ne za ka gaya mini ko mene ne na gani. Ba korar ce ke damuna ba. Direban katafilar mutumin garin Dogo ne, tare muke cin tuwo, matarsa tana da tsohon ciki. Shi za a sa ya bi ta kan ramin.

Allah Ya jiƙanka, Ya sanyaya makwancinka. Allah Ya mai da direban nan gida da ƙafarsa. Masu gidan kuma, ko su wane ne, Allah Ya ba su haƙuri da mu.

Ɗanka,
Habu